Itacen Jegon Dije

Cikin Dije ya shiga wata na bakwai a tsakiyar damina, shekarar da soja suka miƙa mulki suka koma bariki. Hotunan 'yan siyasa na nan manne a bango ruwa yana wanke su, kowa a gari yana cewa an samu sauƙi. Mika'ilu baduku bai samu ba. Tun da aka aiko daga gidan surukansa cewa ran Lahadi za a zo ɗaukar Dije goyon ciki, abinci ya daina yi masa daɗi.

Al'ada ce, kowa ya san ta. Haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta, a yi wankan jego a can, sai an yi arba'in a mayar da mace ɗakinta. Amma ba kowa ne ya sha wuyar da Mika'ilu ya sha kafin ya samu matarsa ba.

Goni Isyaku, mahaifin Dije, jinin Barno ne, gidan allo da tawada a Zangon Barebari. Ya so ya ba ɗan ƙanensa Modu ita, ba mai jima da ɗinkin fata ba. Shekara biyu Dije tana kuka Mika'ilu yana sintiri, kafin tsohon ya ce a ɗaura, shi ya gaji. Ranar ɗaurin auren Modu ya faɗi wata magana a gaban mutane, wadda har yau take cin Mika'ilu a rai.

"Ku bar ta ta je. Gida dai za ta dawo."

Ran Alhamis da safe ya shigo ɗakinsu na haya a Gwammaja, ya tarar da ita a bakin gado ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Tana jin motsinsa ta tura wani abu ƙarƙashin matashi.

"Me kike ɓoyewa?"

"Babu komai, Malam."

"Babu komai ba ya shiga ƙarƙashin matashi."

Ya ɗaga da sauri kamar mai kamun ɓarawo. 'Yar hula ce ta ulu, ba ta fi tafin hannunsa ba, saƙar ma ba ta ƙare ba. Dije ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai cikin fari ba ta yarda a gan ta tana tanadin ɗa, ko da mijinta ne.

Kunya ta kama shi, sai ya mayar da abin wasa.

"Wannan kan wa za ta shiga? Kan ɗan tsako?"

"Ni dai ba ni abina."

Ya miƙa mata. A kusurwar ɗakin ga ƙullin kanwa, ga citta da masoro da kanumfari na yajin jego, ga zannuwan goyo biyu a ninke. Duk ya haɗa. Itace kaɗai ya rage.

"Mukullin ɗakin nan fa, in kin tafi?"

"Da shi zan tafi." Ta nuna masa bakin zanenta inda ta ƙulle shi. "Naka yana wurinka. Macen da ta tafi da mukullinta ai mai dawowa ce."

"In an bar ta."

"Wa zai hana ni?"

"Kin fi ni sanin wanda gidansa ke lungunku."

Ta sauke mayafin ta dube shi.

"Malam, shekara ɗaya da rabi ina ɗakinka, ga abin da ke jikina, har yanzu Yaya Modu bai fita daga bakinka ba?"

"Yaya Modu. Ji yadda sunan ke fita da zaƙi."

"Ɗan'uwana ne, me zan kira shi?" Ta gyara zama. "Bar wannan. Don Allah ka je Madabo ka gaida Iya kafin Lahadi. Ba kyau a ɗauke ni ba ta sani ba."

"Wadda ta kau da kai daga gare ki?"

Nan ma akwai tabo. Iya Ladi, mahaifiyarsa, ita ma ba ta so auren ba tun farko. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. Ranar Babbar Sallah ya kai mata Dije gaisuwa. Tsohuwar ta yi mata kallo ɗaya, ta juya fuska ga bango, ta ce "sannu" ta yi shiru. Tun daga ranar, wata huɗu cur, bai sake taka gidan ba, sai dai ya aika gaisuwa ta bakin ƙanwarsa Binta. Shi a ganinsa kare mutuncin matarsa yake yi. Ba haka ba ne. Namijin da ya iya fushin wata huɗu da uwar da ta haife shi, matarsa ta jira nata rabon.

"Zan je in na samu sarari," ya ce, ya ɗauki hularsa ya fita.

* * *

Itacen jego nauyin miji ne, ba na kowa ba. Da shi za a dafa ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in, kuma da yawansa ake gane mijin da ya san darajar matarsa. A waccan daminar kananzir ya yi wuya, gari duk ya koma murhu, busasshen itace ya zama abin nema. Mika'ilu ya zaga har azahar, bai samu ba sai rabin kura na ɗanye-ɗanye, mai hayaƙi.

Nata'ala mai kura, dattijo mai yawan magana, shi ya tura masa har Zangon Barebari.

Suna shan kwanar lungun Mika'ilu ya ja ya tsaya.

A jikin soron Goni, ƙarƙashin tsohon kwano, an jere itace har ya kai kafaɗar mutum. Busasshe ƙarau, faskararre, manyan guma a ƙasa.

Gwaggo Hauwa, ƙanwar Goni, ta leƙo jin sallama.

"A'a, Mika'ilu, ƙari kuma? Ai wanda ka aiko jiya ya isa jego biyu. Allah ya yi albarka."

"Jiya, Gwaggo?"

"Jiya da hantsi mana. Masu jakuna suka yi sawu uku, suka ce na jegon Dije ne, suka juya."

"Ba su ce daga ina ba?"

Ta yi dariya.

"Daga ina kuwa in ba daga mijinta ba? Wa ke kai itacen jegon matar wani?"

Ta koma ciki ta kawo musu ruwa. Maganarta ta tsaya masa a rai.

Wa ke kai itacen jegon matar wani?

Ya ɗaga ido. Gida huɗu daga nan ga a-kori-kurar Modu a fake, sabuwa, da hoton jam'iyya a gilashi. Tun da aka yi zaɓe Modu ya samu shiga, yana bin wani kansila, hannunsa ya buɗe. Wa ke da halin tara busasshen itace irin wannan a damina? Wa ke son Goni ya ga bambanci tsakanin mai rabin kura da mai jakuna? Kuma don me Dije take ta murnar tafiya, har da saƙar hula?

Zargi ba ya neman shaida. Da kansa yake tambaya, da kansa yake ba da amsa.

"Nata'ala, sauke nawa. Loda wannan."

"In loda me?"

"Ka ji ni."

Nata'ala ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Malam Mika'ilu, busasshen itace a damina, ka ce alhamdu lillahi ka ɗora naka a kai mu tafi. Na ga an mayar da lefe, na ga an mayar da sadaki, amma da furfurata ban taɓa ganin an mayar da itacen jego ba."

"Yau za ka gani."

"To ka tambayi mutum ɗaya tukuna. Tambaya ba ta cizo."

"Kura na ɗauke ka turawa ko wa'azi?"

Goni yana masallaci, Gwaggo tana cikin gida. Kafin ta fito da kwanon ruwa sun cika kura sun bar wurin.

Modu yana zaune a dakalin ƙofar gidansa da abokansa biyar, rediyo a tsakiyarsu ana karanta sunayen sababbin kwamishinoni. Mika'ilu ya kama bakin kurar da kansa ya kifar. Itace ya watse har ƙafafunsu.

"Subhanallahi! Lafiya, Mika'ilu?"

"Kayanka na dawo maka da su. Akwai saura, yanzu za a kawo."

"Wane kaya?"

"Itacen da ka aika wa matata. Ka sani tana da miji. Abin da ke jikinta ma yana da uba!"

Wani ya kashe rediyon. Mata suka fara leƙe ta soraye. Masu wucewa suka tsaya.

Modu ya miƙe a hankali ya gyara babbar rigarsa.

"Ka ji abin da bakinka ya faɗa a gaban jama'a?"

"Na ji, kuma zan maimaita."

"To ba ni ka zaga ba. Ni namiji ne, gobe an manta. Dije ka zaga, 'yar Goni, a lungun da aka haife ta." Ya nuna itacen da ƙafa. "Na so ta, ban taɓa musu ba. Na faɗi maganar ɓacin rai ranar da ka ɗauke ta, ita ma ban musa ba. Amma wallahi tallahi ban san daga inda itacen nan ya fito ba."

"Rantsuwar ɗan siyasa."

Nata'ala, wanda ke son a gama ya tafi, ya turo gungumen ƙarshe da ya maƙale a kura. Ya gangaro ya tsaya a gaban Mika'ilu.

A jikin gungumen akwai zoben ƙarfe, ɓawon itacen ya haɗiye rabinsa. A jikin zoben kuma guntun igiyar fata ce, tufka uku, ta bushe ta yi baƙi.

Mika'ilu ya durƙusa.

Baduku ba ya ɓatan tufkarsa. Wannan ita ce ta farko da ya yi a duniya, yana ɗan shekara tara, mahaifinsa marigayi yana riƙe masa bakin. Zoben kuwa mahaifin ne ya kafa shi a jikin darbejiyar tsakar gidansu a Madabo, don ɗaure ragon layya.

"Malam Mika'ilu," in ji Nata'ala, "in ɗauko sauran?"

Ya tashi ya tsaga mutane ya tafi, takalminsa ɗaya a wurin.

* * *

Yana shiga gidan Madabo haske ya dake shi. Tsakar gidan da ya sani cikin inuwa tun yana rarrafe, yau rana ce fal a cikinta. Darbejiya babu, sai guntun kututture da reshe guda a gefe, ganyensa shar.

Iya Ladi tana bakin ƙofarta tana tsince shinkafa. Binta tana wanke-wanke. Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Binta, tambayi wancan, wa ya mutu ya tuna hanyar gidan nan?"

Ya zube a gabanta.

"Iya, ina bishiyar?"

Binta ce ta amsa.

"Kwana biyu da Sallah ta kira masu sara, Yaya. Aka faskare, aka shanya duk bazara, aka tara a ɗakin Baba kafin ruwa ya sauka. Ta ce in na faɗa maka sai ta saɓa min. Ta ce ta ga abin da ta gani a jikin Dije."

"Rufe min baki, mara kunya." Iya ta ture faranti. "Binta, ce da shi, me yake so in yi ran nan? In rangaɗa guɗa a kan cikin matar ɗan fari, a ce tsohuwa ta zubar da kai? Na kau da kai ne don na gani. Yarinyar ma ba ta so a gane ba. Mai hankali da ya fahimta."

"Iya, ai na ɗauka ƙin ta kike yi."

"Ce da shi na ƙi auren, aka yi. Abin da aka yi kuma ya zama nawa. Na san sana'arsa, na san abin da damina ke yi wa itace. Ba zan zauna a inuwa ana dafa wa jikana ruwa da hayaƙi a gidan Barebari, suna cewa ga abin da suka guda ba. Reshen can na bar shi ne saboda ganyen wanka."

Wata huɗu tsohuwa tana zaune a rana saboda shi, shi kuma yana can yana fushi. Da sau ɗaya ya zo gaisuwa, da idonsa ya gaya masa komai.

Hawaye suka zubo masa. Ya faɗi abin da ya yi, bai rage ko kalma ba.

Iya ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa gani ba tun da ya yi wayo.

"Kai."

Binta ta saki kwanon da ke hannunta.

"Ban taɓa kiran sunanka ba, yau ma ba zan kira ba, don ba ka cancanta ba. Ka je ka kwashe itacen nan ka mayar inda na sa aka ajiye. Ba da kura ba. A kanka, da rana, kowa yana gani. Inda ka zubar da mutuncin 'yar mutane, nan za ka tsince shi."

* * *

Magana ta riga shi zuwa Gwammaja. Ya tarar da tasi a bakin lungu, Gwaggo Hauwa a ciki ta haɗe rai. Ya gaishe ta, ta dubi gabanta.

Dije tana tsaye a tsakar ɗaki da mayafi, an riga an fitar da akwatinta. Idanunta sun yi ja.

"Dije, ki saurare ni. Iya ce ta aika. Darbejiyar gidanmu ce."

"Na ji daɗi da Iya ce. Allah ya saka mata."

"To ki yafe min. Kuskure ne."

"Kuskure shi ne mutum ya taka ƙafar wani a duhu, Malam. Kai da rana ka loda kura." Hawaye suka gangaro, ba ta share ba. "Shekara biyu Baba bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba saboda kai. 'Yan'uwana suka ce na bar gidan karatu na bi warin jima, na ce na ji, ina so. Na bar kowa. Me ya rage ban ba ka ba?"

"Babu."

"Ka tsaya a lungunmu ka ce abin da ke jikina yana da uba. Wa ya ce ba shi da shi? Wa ya taɓa tunanin haka kafin ka faɗa? Yanzu duk matar da za ta shigo barka sai ta leƙa fuskarsa ta ga wa ya ɗebo."

"Wallahi ban nufi haka ba!"

"Na sani. Ba ka nufi komai ba, tsoro kake ji kawai. Tun ranar da aka kawo ni kake gadina kamar kayan aro. Ni kuwa zama na zo yi." Ta dafa bango, ta numfasa. "Da safe ka ɗaga matashina. Na yi shiru. Me ka zaci za ka gani?"

Ya sunkuyar da kai.

Aka danna hon a waje.

Dije ta kama bakin zanenta. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, ta sa haƙori. Ta ajiye mukullin a kan gado, a hankali, ba da jifa ba.

"Dije, kada ki yi min haka."

"Ka riƙe. Ban ce ba zan dawo ba, ban kuma ce zan dawo ba. Ban sani ba, Malam. Yau ne farkon ranar da ban sani ba."

Ta ɗauki 'yar hular da ƙwaryar ulu ta fita.

* * *

Washegari Juma'a, da hantsi, Mika'ilu ya isa ƙofar Modu. An yi ruwa da asuba, amma itacen bai jiƙe ba. Wani ya tattara shi wuri guda ya lulluɓe da tamfol. Modu yana dakali, bai ce shi ne ba, Mika'ilu kuma bai iya tambaya ba. Wannan ya fi mari ciwo.

Ya naɗe gammo ya fara ɗauka.

Gida huɗu ne tsakani, amma bai taɓa tafiya mai nisanta ba. Mata suna soraye. Wani ya ce, "Baduku ya koma faskare." Aka yi dariya. Bai waiwaya ba. Sawu bayan sawu, rigarsa ta jiƙe, wuyansa ya sage. Gungumen mai zobe shi ya bari ƙarshe, sai da ya durƙusa sau biyu kafin ya kai shi.

Goni Isyaku yana zaune a soro kan buzu, carbi a hannu, tun sawun farko yake kallo. Mika'ilu ya tsuguna nesa da shi.

"Allah gafarta Malam, na yi laifi."

"Ka yi." Tsohon ya ja carbi. "Itace mun karɓa, don na tsohuwar kirki ne. Kai kuma ba mu san matsayinka ba tukuna. Na taɓa hana yarinyar nan abin da take so, ta fi ni gaskiya a lokacin, ko kuma na zaci haka. Wannan karon bakina ba ya ciki. Abin da ta ce shi za a yi."

Gwaggo Hauwa ta fito zubar da ruwa. Mika'ilu ya laluba aljihu ya fito da mukullin, ya miƙa da hannu biyu.

"Gwaggo, don girman Allah."

Ta dube shi, ta dubi kansa da ya yi fari da ɓawon itace. Ta karɓa ta shige.

Ya jira. Aka fara kiran sallar farko a nesa. Goni ya tashi ya shiga alwala. Mika'ilu yana nan tsugune, idonsa a kan labulen soro.

Can ta fito. Hannunta babu komai.

"Ta karɓa, Gwaggo?"

"Ba ta miƙo hannu ba."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Ba ta kuma ce in mayar ba. Na ajiye a kan tabarma kusa da ita, ta yi kamar ba ta gani ba. Ina kaiwa bakin ƙofa na waiwaya, na ga ta kifa 'yar hular nan a kansa."

"Hakan me yake nufi?"

"Kai da ka iya fassara itace, ka kasa fassara wannan?" Ta gyara ɗankwali. "Wata biyu da kwana arba'in gare ka, ka yi ta tunani. Amma ta ce in gaya maka abu ɗaya. Ranar da Allah ya sauke ta lafiya, ba za ta yi wanka da ganyen ko'ina ba sai na reshen Madabo. Kullum safiya sabo. Kuma ba aike take so ba."